Muhawara: Shin harsashin .243 ya ishi sabon maharbin barewa?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai fara farautar barewa ya fara da harsashin bindiga da ake kira .243 Winchester, kuma ba shi da dalilin neman abin da ya fi shi girma. Tun 1955 ake amfani da shi, an samo shi ne daga kwanson (wato gidan albarushin) harsashin .308 Winchester da aka matse wa wuya, yana jefa harsashi mai nauyin giram 6.5 da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya, shurinsa a kafaɗa kuwa kusan rabin na babban harsashin .30-06 ne. Ko dokar barewa ta 1991 a Ingila da Wales, wadda ta gindaya faɗin harsashi na inci .240 a matsayin mafi ƙaranci ga manyan bareyi, ta amince da shi.

Tsohon maharbi: Wa alaikumus salam. Ɗana, doka ta faɗi mafi ƙaranci ne, ba ta faɗi mafi dacewa ba. Harsashi mara nauyi mai tsananin gudu, idan ya ci karo da ƙashin kafaɗar babban namiji, yana iya tarwatsewa kafin ya kai huhu, sau da yawa kuma ba ya fita ta ɗaya gefen, sai dabba ta shige kurmi ba tare da ta bar jinin da za a bi sawunta ba. Sabon shiga shi ne ya fi kowa yawan kuskuren saiti, saboda haka shi ya fi buƙatar harsashin da zai rufa masa asiri. Ni 7mm-08 Remington zan ba shi, wanda ya fito a 1980 daga wannan kwanso ɗaya, mai ɗaukar harsashin giram 9, ƙarin shurinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Mai koyar da harbi: Baba, ina tare da kai a kan ƙashin kafaɗa, amma ban yarda cewa girman harsashi yana gyara mugun saiti ba, domin barewar da aka harba a tumbi za ta sha wahala ko da wane harsashi aka harbe ta. Abin da ya fi ɓata sababbin maharba shi ne zabura. Idan bindiga ta taɓa nausar mutum da zafi, jikinsa yana koyon jiran duka, sai ya runtse ido, ya tura kafaɗa gaba, ya fizgi kunama tun harsashi bai bar bututu ba, shi kansa kuma bai san yana yi ba. Gani ya kori ji: a ɗura masa bindiga a bayan idonsa, a cuɗa harsashin gwaji mara albarushi cikin masu rai, kowa zai ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa daidai lokacin da kunama ta yi ƙas babu ƙara. Wannan ɗabi'a tana shiga da wuri, fitarta kuwa sai an sha aiki, shi ya sa nake ganin sauƙin shuri ya cancanci a sa shi a gaba.

Sai dai ku biyun kun tsaya a kan suna, kun bar nauyin bindigar. Da harsashi iri ɗaya, bindiga mara nauyi ta fi mai nauyi shuri, don haka wanda ya saya wa yaro 'yar sakayau saboda tausayi ya ƙara masa duka ne. Tsawon gindin bindiga ya dace da hannunsa, a sa matashin roba a inda take zama a kafaɗa, a bar tazara tsakanin ido da madubin saiti don kada ya tsaga masa gira, a kuma toshe kunne, domin wani kaso na tsoron daga ƙara yake.

Sabuwar maharbiya: Malam, to ina matsayin 6.5 Creedmoor, wanda ake ta ba ni shawara a kansa?

Mai koyar da harbi: 'Yar'uwa, zaɓi ne mai kyau. Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, shurinsa yana kusa da na 7mm-08, dogon harsashinsa kuma yana ratsa jiki sosai. Ki duba dokar inda za ki yi farauta tukuna, domin a Amurka akwai jihohi irin su Ohayo da ba a yarda da kwanso mai matsattsen wuya a farautar barewa ba, abin da ya sa kamfanin Winchester ya ƙera harsashin .350 Legend, wanda kwansonsa ba shi da matsattsen wuya, a 2019.

Mai buɗe zance: Ke nan Malam bai rushe maganata ba, ya dai ƙara mata sharuɗɗa.

Tsohon maharbi: Sharuɗɗan ne ai maganar, ɗana. Zan yarda da .243 idan an ɗura harsashin da aka ƙera don barewa, mai buɗewa a hankali, ba mara nauyin nan da ake harbin ƙananan dabbobi da shi ba, sannan maharbin ya jira dabba ta ba shi gefe, ya nufi bayan ƙafar gaba, kuma kada ya wuce nisan da ya saba samun allon gwaji a kai. Idan babbar barewa ce ta fuskanto shi a karkace, har yanzu 7mm-08 nake so in gani a hannunsa.