Harafin ά ya ƙi fitowa a bincike

Ɗan_Kurna:
Salam 'yan uwa. Ina neman ά a cikin wani fayil na Girkanci, ga shi ina kallonsa ƙuru-ƙuru amma kwamfuta ta ce wai babu, meye matsalar don Allah?

Injiniya:
Malam ai hanya biyu ake rubuta shi a Unicode, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ko dai harafi guda U+03AC, ko kuma alfa U+03B1 sai a ɗora mata alamar U+0301, a ido duk ɗaya ne amma lambobin daban. Ka mayar da fayil ɗin NFC kawai, wato tsarin Unicode da ke haɗe harafi da alamarsa su koma lamba ɗaya.

Maman_Iman:
Akwai ma na uku fa, U+1F71 na tsohon salon rubutun Girkanci kafin gyaran da aka yi masa a 1982, shi ma NFC na mayar da shi U+03AC.

Ɗan_Kurna:
Ya yi wallahi! Allah ya ƙara basira.