Wa ya taɓa gwada --dry-run a Git? A zo a ba mu labari

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni yara biyu masu koyon aiki a ofishinmu, ina so in kafa musu doka: duk umarnin da zai goge wani abu ko ya tura shi waje, sai sun fara gwada shi da `--dry-run`, wato zaɓin da ke sa Git (manhajar adana tarihin kod) ya nuna abin da umarni zai yi ba tare da ya aikata shi ba. Kafin nan ina son jin ta bakin waɗanda suka yi aiki da shi. Abin dogaro ne kuwa?

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. A `git clean` dai, umarnin share fayilolin da Git bai riƙe ba, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ka buga `git clean -n` (a nan `-n` gajarcewar `--dry-run` ce), zai jero maka fayilolin, kowane layi da "Would remove" a farkonsa, kuma ba zai taɓa ko ɗaya ba. Sai dai abin da ka tambaye shi kaɗai yake amsawa. Wani yaro da muke tebur ɗaya ya gwada `-nd` (`d` na haɗawa da foldoji), ya ga tarkace ne kawai, hankalinsa ya kwanta. Da ya zo gogewar gaske sai ya kwafo `-fdx` daga intanet (`f` ce ke sa a goge da gaske). Wannan `x` ɗin har fayilolin da aka lissafa a `.gitignore`, jerin waɗanda aka ce Git ya ƙyale, yake kwashewa, nan take fayil ɗinsa na saituna, `.env`, ya tafi da duk kalmomin sirrin da ke ciki. Muka duba `reflog`, rajistar da ake bi a dawo da aikin da ya ɓace a Git, ina! Fayil ɗin da Git bai taɓa riƙewa ba, a ina zai samo shi? Ni yanzu kibiyar sama nake dannawa, in dawo da layin gwajin, in mayar da `n` ta zama `f`, ba na ƙara ko harafi. Kuma a lura, folda guda layi ɗaya take ci a jerin, ko da fayil dubu ne a cikinta.

Yaya Babba: Malam Ɗan Zariya, don Allah ka hana su gajarcewar nan ta `-n`. A `add`, `rm`, `mv`, `clean` da `push` gwaji ce. A `commit`, umarnin adana aiki a tarihin Git, kuwa `--no-verify` take nufi: aikin zai shiga da gaske, kuma ya tsallake binciken da kuka ɗora a `pre-commit`. Wata ƙanwata a wurin aiki ta yi haka tana zaton gwaji take yi, sai da muka ga kod mara tsari a reshen kowa muka gane. Su rubuta `--dry-run` cikakkiya, yatsa ba ya karyewa.

Ɗan Zariya: Kai, Yaya, wannan ban san da ita ba. Na gode ƙwarai.

Bakatsine: Ni da `push`, umarnin tura aiki zuwa sabar, na sha mamaki. Gwajin ya tuntuɓi sabar, ya nuna reshen zai tafi lafiya lau. Na cire `--dry-run`, sabar ta ce ba ta san zancen ba, reshen `main` a kulle yake sai an bi ta hanyar bita. Dalili shi ne gwajin ba ya aika komai, don haka masu gadin da ke can gefen sabar ba su ga abin da za su ƙi ba. Amfaninsa gare ni shi ne sanin wane reshe zai je ina, musamman in akwai `--force` a layin.

Ɗan Maraɗi: Masu sayen data da kuɗin aljihu, ku yi hattara da `git fetch --dry-run` (`fetch` shi ne sauko da sabon aiki daga sabar). Alamomin rassa ne kawai ba ya motsawa, kayan kuwa sai ya sauko da su. In duba kawai nake so, `git ls-remote` nake bugawa.

Tsohon Hannu: Mu da muka fara da Subversion, wata manhajar adana tarihin kod da ta girmi Git, mun saba da `svn merge --dry-run`. Da muka koma Git na neme ta a `merge`, umarnin haɗa rassa, babu. Dabarar da muka daɗe muna yi ita ce `git merge --no-commit --no-ff`, ka duba inda aka yi karo, sannan `git merge --abort`. Amma wannan yana taɓa fayilolinka, kada a yi shi alhali akwai aikin da ba a adana ba. Tun Git 2.38 na shekarar 2022 akwai `git merge-tree --write-tree`, shi ba ya taɓa komai a foldar aiki.

Ɗan Zariya: Ranka ya daɗe, kwamfutocin yaran tsohon Ubuntu, wani nau'in Linux, ne a kai. Bari in duba `git --version` gobe da safe, in bai kai 2.38 ba zan dawo ka nuna mini yadda ake sabunta shi.