Wai sai na biya dala 4,000 kafin a koya min holsel ɗin gidaje?

Zongo_Boy:
Salam jama'a. Dan Allah masu zama Amurka ku ba ni shawara. Ina Filadelfiya shekara uku kenan ina tuƙin Uber, sai na haɗu da wani a Facebook yana koyar da holsel, wato harkar nan da za ka nemo mai gidan da ya matsu, ku sa hannu a kwantiragi da araha, kai kuma ka sayar wa mai kuɗi takardar kafin ranar biya ka ci ribar tsakani, wai ba jari ba lasisi. Yace in kawo dala 4,000 zai riƙe hannuna har in yi cinikin farko. Ya kuke gani?

Alhaji_Shikago:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Kafin komai ka tambaye shi shi a wace jiha yake, domin dokar kowace jiha daban. Wannan "ba lasisi" da yake faɗa tsohon zance ne a wurare da yawa. Mu nan Ilinoi tun 2019 in ka yi irin cinikin nan fiye da sau ɗaya cikin wata 12 to kai dillali ne a idon doka, sai da lasisi. Oklahoma ma sun sa tasu a 2021. Kai kuma inda kake abin ya fi tsauri, birninku ya sa tasa dokar lasisin tun 2020, sannan jihar Fensilbeniya gaba ɗaya ta yi doka a 2024 da ta fara aiki Janairun 2025, sai da lasisi, kuma mai gida na da kwana 30 da zai iya cewa ya fasa. To malamin da bai gaya maka wannan ba tun a zaman farko me zai koya maka?

Maman_Iman:
Wallahi maigidana ya taɓa biyan irin kuɗin nan, abin da ya samu bidiyoyi ne da lambobin waya, ya yi ta kiran tsofaffi suna kashe masa waya, da ya samu gida ɗaya daga ƙarshe ya ajiye kafin alƙalami, bai samu mai saye ba har wa'adi ya cika, kuɗin suka bi ruwa, malamin kuwa ko saƙo ya daina amsawa. Ni abin da ma ya fi damuna yawanci gidan gado ne ko tsohuwar da haraji ya taru mata, ba ta san kuɗin gidanta ba, kai kuma ka sani ka yi shiru.

Alhaji_Shikago:
Gaskiya ne Hajiya, ai dalilin dokokin kenan. Zongo, da kuɗin nan gara ka yi karatun lasisi ka shiga ƙarƙashin ofishin dillalai, ka ga yadda ake binciken takardun gida da lissafin kuɗin gyara. Mai koyarwa na ƙwarai cewa zai yi kawo gida mu raba riba, ba wai biya ni tukuna ba.

Abu_Hanif:
Ka kuma tambayi malamai fa, akwai hadisin Hakim bin Hizam da aka hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Wasu na cewa ai haƙƙin kwantiragi kake sayarwa ba gidan ba, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Zongo_Boy:
Na gode sosai. Yanzu na tura masa maganar dokar 2024, ya karanta bai ce komai ba tukuna.