Wace roba ce ake ce wa "fairing" a jikin babur?

Makanikin Argungu:
Salamu alaikum. Ina gyaran babura a Argungu. Wani malamin makaranta ya kawo min Bajaj Pulsar ɗinsa, ya faɗi da ita a hanyar Birnin Kebbi, robar gaba ta tsage. Na tura wa dillalinmu na Legas hoto, ya ce "fairing" ɗin babu, sai an yi oda. Shin sunan wannan robar ce kaɗai, ko duk murfin da ke jikin babur haka ake kiransa?

Injiniya Jega:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba kowane murfi ba. Turawa na faɗin haka ne ga rufin da aka ƙera don iska ta zame ta wuce, kada ta dinga turje abin hawa. Murfin batir na gefe ba ya ciki. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ninkuwa take sau huɗu, shi ya sa ba a wahalar sa wa Boxer ta 'yan kabu-kabu, mai yawon cikin gari. Kamfanin BMW ya fito da babur ƙirar R100RS a 1976 da cikakken rufi tun daga kamfani. Kafin nan masu tsere sun riƙa lulluɓe har tayar gaba, sai hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta hana daga 1958, don iskar gefe na iya kwashe mutum.

Direban Yauri:
Ashe hular nan ta saman kan tirela ita ma sunanta ke nan. Maigidana ya ce don rage shan gas aka yi ta, ni da na ɗauka ado ne.

Hajiya Malama:
Haka ne, Direba. Har murfin kan roka, inda ake ɓoye tauraron ɗan'adam, murfin nan da ke darewa gida biyu ya faɗo idan an wuce iska, sunansa ke nan. Amma ku kula in kun duba ƙamus: a tsohon Turancin Ingila kalmar na nufin tsarabar da aka sayo a kasuwar biki, har akwai biskit ɗin citta na yankin Konwal na Ingila mai wannan suna. Asalin kalmomin biyu daban.

Makanikin Argungu:
Allah ya saka da alheri. To Injiniya, in na cire ta gaba ɗaya ya hau haka, akwai matsala?

Injiniya Jega:
Injin ba ruwansa. Sai dai fitila da wayoyi za su zauna a fili, ga damina na tafe. In tsagewar ba ta kai wajen kusoshi ba, kai wa masu ɗinkin roba su kama ta ta ciki, ya lallaɓa kafin odar ta iso.