Matsala a sama ana tashi a jere: wa abin ya taɓa ritsawa da shi?

Baban Ummi, Agege:
Salama ga kowa. Ranar Asabar da daddare muna wajen mai tsire a nan Agege, wani ƙanenmu da bai daɗe da karɓar lasisi ba ya ce shi da abokinsa suna son su tashi da jirage biyu kafaɗa da kafaɗa, a ɗauke su hoto ta saman Gadar Third Mainland. Na ce masa, to in kana gefen jagora injinsa ya ɗauke, ina za ka sa kanka? Ya ce zai rage totur. Wallahi sai da na ajiye tsinken da ke hannuna. Yana nan cikinmu yana karantawa, don haka duk wanda ya taɓa gani da idonsa ya ba da labari.

Ga nawa. Da damina ne, da safe, mu biyu kowa da ƙaramin jirgi Cessna 172, mun nufi wajen Epe a ƙafa 2,500, ina damansa, baya kaɗan. Wanda bai taɓa yi ba ya sani, na gefe ba ya kallon komai sai jirgin jagora, ko agogunan gabansa sai dai ya saci kallo. Kawai sai na ga jirginsa yana kumbura a idona, yana zamowa baya. Bai ce uffan ba, don shi ma bai gama gane abin da ya same shi ba. Da na tsaya wasa da totur da mun gwabza, domin jirgin da injinsa ya shaƙe ya fi naka saurin rasa gudu. Na ɗaga sama na karkata dama, shi kuma ya shige ƙarƙashin cikina, na daina ganinsa. Na ce a rediyo, "Ba na ganinka, ina 3,000, ba zan sauko ba." Ya ce yana 2,000 yana gangarawa. Sai da na ji haka numfashina ya dawo.

Ashe ƙanƙara ce ta taru masa a kafireto. Eh, a zafin Legas ɗin nan. Iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireto zafinta kan faɗi da digiri 20 ko fiye, ga kuma laimar Lagun. Ya buɗe mata iska mai zafi, injin ya yi tari kamar zai mutu gaba ɗaya, sannan ya washe.

Tsohon Soja, Mafoluku:
Baban Ummi ka yi daidai, amma ba ka gaya wa yaron abin da ke biyo baya ba. Da zarar kun rabu lafiya, mai matsala shi ne jagora, ko da kuwa shi ne ƙaramin cikinku. Shi ya tuƙa jirginsa kurum. Kai kuma ka koma can baya ta gefe, ka ɗauke masa magana da hasumiyar filin jirgi, ka karanta masa jerin matakan gaggawa, ka leƙa masa inda zai iya sauka.

Inda ba a yin haka shi ne in rediyo ce ta mutu, kuma ni ta mutu min muna ɗalibai a Arewa. Fambel ɗin cajin batir ya tsinke ban lura ba, batir ya tsiyaye, sai ji na yi kunnena ya yi tsit. Na ɗan matso gaba inda jagora zai gan ni, na kaɗa fukafukai, na ɗora dunƙulen hannu a goshi, na ɗaga yatsu biyu. Haka aka koya mana: ɗaya haidirolik, biyu wuta, uku mai, huɗu iskar shaƙa, biyar inji. Ya gyaɗa kai. Na manne a gefensa, shi ya yi duk maganar, ya kawo ni har bakin titin sauka, ya nuna min ƙasa da yatsa, ya wuce. Da ba mu zauna mun daidaita kan alamun nan ba kafin tashi, da yatsuna biyu gaisuwa zai ɗauke su.

Kuma ɗana, ka tuna 28 ga Satumba 2018 a Abuja, jiragen yaƙi F-7 biyu suka gogi juna wajen atisayen bikin ranar 'yancin kai, a wajen Katampe, matuƙi ɗaya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Waɗannan mutane ne da tashi a jere abincinsu ne.

Maman Sadiq, Idi-Araba:
Amin. Ranka ya daɗe, ni ba inji ba ne, hazo ne. Watan Janairu, muna bin gaɓar teku ta Badagry, ina na biyu. Kun san hazon Legas in ya haɗu da ruwa, babu sama babu ƙasa, ko'ina launin kunu. Jagora ya fara dishewa, da farko jela ta tafi, sannan fiffike, sai na wayi gari ina kallon inda yake ɗazu. Zuciyata ta ce ƙara totur ki cim masa. Shaiɗan kenan. Na mayar da ido kan agoguna, na karkata digiri 15 nesa da shi na ƙirga daƙiƙa 15, na dawo kan hanyata, na faɗa masa. Ya ba ni tsayi daban da nasa.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne jiri. Minti ashirin ina kallon gefe, da na juyo jikina ya rantse min jirgin a karkace yake, agogo kuma ya ce a miƙe nake. Na bi agogo ina jin kamar zan zamo daga kujera, har muka fito wajen da ake ganin ƙasa. Da muka sauka ko biro na kasa riƙewa.

Injiniya Ɗan Kano, Ikeja:
Ni ba na tashi, gyara nake, amma na wanke sakamakon. Wasu biyu suka dawo, na gaba shirwa ta bugar masa ƙasan murfin inji wajen Ojota, kun dai san yadda suke shawagi saman bolar Olusosun, baƙin mai ya fara zuba. Abokinsa don ƙauna ya koma daidai bayansa wai zai duba masa. Man ya feshe masa gilashin gaba tas. Aka tashi da mai matsala ɗaya aka koma biyu, ta tagar gefe ya leƙo ya sauka. Oga Soja, don Allah a ja musu kunne, duba daga gefe ake yi.

Tsohon Soja, Mafoluku:
Gaskiyarka Injiniya. Ba baya ba, ba ƙarƙashi ba, kuma ba ka matsowa sai ya ce ka matso.

Mai Hasumiya, Oshodi:
Bari in faɗi yadda muke ganinku daga namu ɓangaren. In kuna jere, jagora kaɗai ke kunna na'urar da ke nuna mana lambarsa, sauran a kashe, don haka ɗigo ɗaya muke gani a allo. Na taɓa zama kan aiki wasu suka watse saboda matsala, na biyun ya manta bai kunna tasa ba. Ina jin muryarsa, ba na ganin tsayinsa, ga babban jirgin fasinja yana gangarowa titin sauka na 18R. Sai da na sa na fasinjan ya yi kewaye. Kuna rabuwa kowa ya kunna tasa. Mai gaggawa ya sa lamba 7700 a na'urar, wanda rediyonsa ta mutu 7600, in kun rasa kowa kuma akwai tashar rediyon gaggawa ta 121.5. Mutum ɗaya ya yi magana, ba ku biyu kuna danne juna ba. In babu rediyo ka kalli hasumiya: koriyar fitila a tsaye ka sauka, ja a tsaye ka ci gaba da kewaye, ka kaɗa fukafukai mu san ka gani.

Autan Matuƙa, Mile 12:
Ni ne yaron tsiren. Na ji kunya amma na gode, Yaya. Tambayata ɗaya, in ni ne a gefe kuma injina ne ya ɗauke fa?

Baban Ummi, Agege:
Naka ya fi sauƙi, da kanka za ka zame baya. Ka karkata ka bar wajensa, ka kama gudun sauka ba inji, a 172 irin tamu not 65 a agogon gudu, sannan ka yi magana. Kowace ƙafa 1,000 za ta kai ka wajen mil ɗaya da rabi, ka lissafa da kanka ko daga tsakiyar Lagun za ka kai busasshiyar ƙasa. Batun hoto a ajiye shi tukuna, sai kun tashi da malamin da ya san aikin a kujerar dama. Ranar Asabar bayan la'asar ku zo kai da abokin naka filin bayan masallaci, Oga Soja ya ce zai zo. Da ƙafa za ku fara, ɗaya jagora ɗaya na gefe, ya riƙa kashe muku inji da baki. Kuɗin tsire kuma wannan karon a aljihunka.