Sarƙar inci 14 da na saya ta yi wa injina tsawo, ina kuskuren yake?

Mai Lambu, Jega:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin yankan itace ƙirar Stihl MS 180, wanda na saya na hannu domin sassabe rassan mangwaro da dogon yaro a lambuna, kuma sarƙar da ya zo da ita ta cinye har haƙoranta sun kusa ƙarewa. Da na auna dogon ƙarfen da sarƙar take zagayawa a kansa, na ga inci 14 ne, sai na shiga kasuwa na ce a ba ni sarƙar inci 14, aka ba ni sabuwa a kwalinta. Da na ɗaura ta, na juya sukurun ɗamewa har ƙarshensa, amma har yanzu tana reto a ƙasa kamar igiyar shanya. Rubutun da ke gindin ƙarfen ya goge, ba ya karantuwa. Shin sarƙar ce ba ta da kyau, ko kuwa ni ne ban san abin da zan tambaya ba? Ina roƙon waɗanda suka san aikin su ba ni haske kafin in sake kashe wani kuɗin.

Makanikin Injuna, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa sarƙar lafiyarta ƙalau, matsalar ita ce tsawon ƙarfe shi kaɗai ba ya bayyana sarƙar da inji yake ɗauka, domin injuna biyu masu ƙarfen inci 14 suna iya buƙatar sarƙoƙi daban. Abubuwa uku ne dole su dace a lokaci guda, kuma tun da tsohuwar sarƙarka tana hannunka, duk za ka iya samo su daga jikinta.

Na farko shi ne tazarar ƙusoshi. Ka ɗora ruler a kan sarƙar, ka auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ƙusa ta uku, sannan ka raba biyu. Idan awon, kafin a raba shi biyu, ya kai kusan milimita 19, sarƙar 3/8 ce ta inci. Idan ya tsaya wajen milimita 16.5, to .325 ce, idan kuma bai wuce milimita 13 ba, 1/4 ce. A nan akwai tarko, domin 3/8 iri biyu ce: akwai babba ta manyan injuna, akwai kuma mai gajerun haƙora ta ƙananan injuna, wadda Stihl suke kira Picco suna rubuta ta 3/8 P. Injinka wannan ta biyun yake ɗauka, kuma ba a musanya su da juna ko da lambar ta yi kama.

Na biyu shi ne kaurin harsunan da ke ƙasan sarƙar, wato waɗanda suke shiga cikin tsagar ƙarfen suna gudu a ciki. Kaurin da aka saba gani huɗu ne: milimita 1.1, 1.3, 1.5 da 1.6. MS 180 yana zuwa da 1.1 ko 1.3, gwargwadon ƙarfen da aka ɗaura masa. Idan harshen ya fi tsagar kauri ba zai shiga ba, wannan kuwa da sauƙi, domin nan take za ka gane. Wanda ya fi haɗari shi ne harshen da ya fi tsagar siranta, saboda zai shiga lafiya, amma sarƙar za ta riƙa kwanciya gefe, yanka ya karkace, tsagar ta buɗe, wata rana kuma sarƙar ta fice ana cikin aiki. Idan tsohuwar sarƙarka ta Stihl ce, ka goge harshe ɗaya da fetur ka duba, za ka ga lamba ɗaya a jikinsa: 1 tana nufin 1.1, 3 kuma tana nufin 1.3.

Na uku, wanda nake kyautata zaton shi ya kama ka, shi ne yawan waɗannan harsuna. Ƙarfen inci 14 na ƙananan injunan Stihl harshe 50 yake ɗauka, alhali yawancin injunan wasu kamfanoni masu inci 14 harshe 52 suke ɗauka, kuma su ne suka fi yawa a shaguna. Haka abin yake a inci 16, inda Stihl yake ɗaukar 55, sauran kuma 56 ko 57. Ka ɗaura zare a harshe ɗaya don kada lissafi ya ɓace maka, ka ƙirga tsohuwar, ka ƙirga sabuwar, sannan ka faɗa mana abin da ka samu.

Mai Itace, Zuru:

Ni a ganina ba sai an tsawaita ba. Idan tsawo ne kawai, a cire gaɓa biyu a mayar da ƙusa a dake ta da guduma, kamar yadda ake yi wa sarƙar babur. Mun yi haka ba sau ɗaya ba, aiki kuma ya tafi.

Makanikin Injuna, Birnin Kebbi:

Yaya, rage sarƙa daidai ne, domin su kansu masu sayarwa daga naɗi suke yanko ta su haɗa, amma ban yarda da mayar da tsohuwar ƙusa ba. Ƙusar da aka fitar ta riga ta rasa kan da yake riƙe ta, kuma sarƙar da take gudun mitoci da yawa a daƙiƙa guda kusa da hannun mutum da cinyarsa ba ta yi kama da ta babur da ke cikin murfi ba. Sai a nemi sabuwar gaɓar haɗi ta wannan girman, mai ƙusoshinta, a kai wa wanda yake da abin murza kan ƙusa, sannan a tabbatar gaɓar tana lanƙwasawa ba tare da ta cije ba. Idan aka rage 52 zuwa 50, haƙora za su koma 25, don haka a wuri ɗaya za a ga haƙora biyu na ɓangare guda suna bin juna. Kada wannan ya tayar wa kowa hankali, haka kowace sarƙa mai harshe 50 take.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Argungu:

Bayanin makaniki ya wadatar a kan awo, ni kuwa ina so in ja hankalin ƙanena mai tambaya zuwa siffar haƙorin, domin a ƙasarmu ita take raba sarƙar da za ta yi wata da wadda za ta yi shekara. Haƙori iri biyu ne: akwai mai kusurwa a tsaye kamar lamba 7, akwai kuma mai kusurwa a lanƙwashe kamar bakin lauje. Mai kusurwar tsaye ya fi sauri a ɗanyen itace mai tsabta, shi ya sa ake yabonsa a ƙasashen da ake yanka cikin daji mai laima. Mu kuwa itacenmu ba shi da tsabta. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a ɓawon dogon yaro, gara tana hawa da ƙasa har saman gindin mangwaro, busasshiyar kirya kuma ko gatari yana jin ta. Tsinin mai kusurwar tsaye ƙanƙane ne, da ya gamu da yashi sau biyu ko uku ya dakushe, sai ka ga injin yana fitar da gari maimakon ɓarɓashi, kai kuma kana danna shi da ƙarfi har kuloci ya yi zafi. Mai lanƙwasa yana jure yashi, kuma wasa shi ya fi sauƙi ga wanda hannunsa bai faɗa ba. Ga injin da girmansa bai kai sisi (cc) 32 ba kamar naka, shi nake ba ka shawara, musamman irin da aka yi wa ƙarin tudu a gaban haƙori domin rage zaburar da inji yake yi ya dawo kan mai shi idan saman bakin ƙarfen ya taɓa reshe. Mai sassabe cikin rassa masu cunkoso ya fi kowa fuskantar wannan.

Ka sayi mulmulallen magagari mai kaurin milimita 4, domin na manyan injuna zai ɓata maka haƙoran, ka kuma riƙa wasawa a kusurwar digiri 30. Kafin ka ɗaura sabuwar, ka cire murfin gefe ka duba ƙarfen nan mai kama da tauraro wanda yake jan sarƙar. Idan harsuna sun haƙa masa rami da ya wuce rabin milimita, a canza shi, in ba haka ba zai lalata sabuwar cikin ɗan lokaci. Abin da aka saba shi ne tauraro ɗaya ga sarƙa biyu. Baƙin man da aka juye daga babur ko janareta ba man sarƙa ba ne, duk da na san da yawa cikinmu shi muke zubawa saboda araha.

Mai Lambu, Jega:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malam makaniki. Na ƙirga sau biyu: tsohuwar 50 ce, kuma akwai lamba 3 a harshenta, sabuwar kuwa 52 ce, an buga 91 a nata harshen. Haƙorinta mai lanƙwasa ne. Tauraron kuma ramin da ke jikinsa har farce yana shigewa. Shin wannan 91 ɗin ta dace da nawa, ko sai na mayar da ita?

Makanikin Injuna, Birnin Kebbi:

Lamba 91 alamar kamfanin Oregon ce ta sarƙar 3/8 mai gajerun haƙora da kaurin milimita 1.3, saboda haka tazara da kauri duk sun dace da naka, harshe biyu ne kawai suka yi yawa. Idan mai shagon zai canza maka da mai 50, hakan ya fi. Idan ya ƙi, a rage ta da sabuwar gaɓa kamar yadda na bayyana. Tauraron kam ka canza shi tare da ita, ka ce na MS 180 mai 3/8 P. Wajen ɗaurawa, haƙoran da ke saman ƙarfen su fuskanci gaba, kuma bayan yanka huɗu ko biyar na farko ka kashe injin, ka bari ta huce, ka sake ɗame ta, domin sabuwar sarƙa tana saki a ranar farko.