Neman kalmar Hausa: me za mu kira katin da banki da kamfanin jirgin sama suke fitarwa tare?

1/ Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin fassara da rubutu. Akwai wani kati da yake yawan fitowa a labaran kasuwanci da na sufurin jiragen sama, wanda a Turanci ake kira "co-branded airline credit card", kuma duk lokacin da ya fito sai ka ga kowane marubuci ya laƙaba masa sunan da ya zo masa a baki: wannan ya ce katin kyauta, wancan ya ce katin matafiya, wani kuma ya bar shi da Turancinsa ya wuce. Ina so mu tsaya a kan suna guda. Zan kawo abin da nake gani tare da dalilina, domin sunan da bai faɗi gaskiyar abu ba yana iya jefa mai karatu cikin bashin da bai shirya masa ba.

2/ Kafin suna, sai an san mai sunan. Banki ne yake fitar da katin, shi ne yake ba da bashin, shi ne kuma yake bin mai katin kuɗi a ƙarshen wata. Kamfanin jirgin sama yana sanya sunansa da tambarinsa a fuskar katin, sannan duk sayayyar da aka yi da shi, ko ta tikiti ce ko ta kayan masarufi ko ta man mota, ana rubuta wa mai katin wani adadi a asusunsa na kamfanin jirgin. Idan adadin ya taru, yana iya yankar tikiti da shi, ko ya koma kujera mai daraja a cikin jirgi. Wasu katunan suna haɗawa da ɗaukar jaka kyauta, da shiga jirgi kafin sauran fasinjoji, da izinin zama a ɗakin hutawa na filin jirgi. Haka bankin Citibank da kamfanin jirgin American Airlines suka fara tun 1987, shekara shida bayan kamfanin ya buɗe AAdvantage, shirinsa na tara wa fasinjoji irin wannan adadi, a 1981. Haka kamfanin kati na American Express da kamfanin jirgin Delta suke tare tun 1996. Haka kuma bankin Chase da kamfanin jirgin United.

3/ Ke nan kalmomi uku ne a gabanmu, ba ɗaya ba: sunan irin katin, da sunan haɗin da ke tsakanin kamfanonin biyu, da sunan abin da ake tarawa. Biyun farko ba su da wuya sosai, na ukun ne yake buƙatar dogon nazari.

4/ A kan irin katin, na ga ana rubuta katin kiredit, da katin lamuni, da katin rance, da katin bashi. Kiredit ba ta gaya wa wanda bai ji Turanci ba komai, har tana iya karkatar da tunaninsa zuwa katin waya. Lamuni kalma ce mai kyau da asali, sai dai nauyinta ya fi karkata ga tsayawa wani ko ɗaukar alhakinsa, kuma tana da laushin da yake rufe zafin abin. Rance a kunnen Bahaushe abu ne da ake karɓa a mayar da kwatankwacinsa ba ƙari, alhali wannan katin yana ɗora kuɗin ruwa mai yawa a kan duk abin da ba a biya ba bayan cikar wa'adi. Saboda haka na tsaya a kan katin bashi, kuma ina roƙon kada mu yarda kalmar bashi ta faɗi daga sunan ko da muna neman gajartawa. Ita ce take raba shi da katin cire kuɗi, wanda da shi mutum abin da yake da shi a asusunsa kawai yake kashewa.

5/ A kan haɗin kamfanonin biyu, wani ɗan uwa ya ba da shawarar "kati mai tambari biyu". Fassara ce ta abin da ido yake gani, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin kusan kowane kati yana ɗauke da tambarin banki da na Visa ko Mastercard, wato tambari biyu ke nan tun kafin kamfanin jirgi ya shigo. Haɗin gwiwa ita ce kalmar da muka saba da ita ga ɓangarori biyu da suka ƙulla yarjejeniya kowa yana da nasa amfanin, kuma ta wadatar.

6/ Yanzu sai abin da ake tarawa, wanda Bature yake kira "miles". Abu mafi sauƙi shi ne mu ce mil, tunda kalmar tana cikin Hausa da daɗewa a matsayin ma'aunin nisa, kimanin kilomita 1.6. A farkon waɗannan shirye-shirye sunan ya dace, domin nisan da fasinja ya yi a sama shi ake ƙirga masa, mil ɗaya a kan mil ɗaya. Amma abin ya sauya. Delta da United sun koma lissafi da kuɗin tikiti a 2015, American Airlines ta bi sahu a 2016, ta yadda mutum biyu da suka zauna kusa da juna a jirgi ɗaya za su iya samun adadi daban saboda ɗaya ya fi biyan kuɗi. Mai kati kuwa yana iya tara dubbai bai taɓa taka filin jirgi ba. Idan muka rubuta cewa wani ya tara mil 50,000, mai karatu zai ɗauka tafiyar mil 50,000 ya yi, ko kuma tafiyar mil 50,000 za a ba shi kyauta, kuma duka biyun kuskure ne. Kamfanonin da kansu ba su haɗu a kan mil ba: British Airways da Iberia da Qatar Airways suna kiran nasu Avios, Qantas da Air Canada kuwa da kalmar da ke nufin maki suke amfani. Ban ga dalilin da zai sa mu ɗauko ruɗanin wani harshe mu shigo da shi namu ba.

7/ Sauran kalmomin da aka kawo su ne kyauta, da tukuici, da lada, da gyara, da garaɓasa. Dukansu Hausa ce tsantsa, dukansu kuma suna da daɗin ji, amma kafin mu zaɓi ɗaya ya kamata mu tambayi kanmu: wa yake biyan kuɗin wannan abin da ake tarawa?

8/ Amsar ita ce banki yana sayensa ne daga kamfanin jirgi da kuɗi, kamar yadda ake sarin kaya, sannan ya raba wa masu katinsa. Bankin kuma yana mayar da kuɗinsa ta hanya uku: kason da ake cira daga ɗan kasuwa a kan kowace sayayya, da kuɗin shekara da mai kati yake biya, da kuɗin ruwan da yake hawa kan wanda ya kasa biyan bashinsa gaba ɗaya. A Amurka kason da ake cira daga ɗan kasuwa yakan kai kusan kashi 2 cikin 100, yayin da Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 0.3 cikin 100 ga katin bashi na ɗaiɗaikun mutane tun 2015, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa katunan Amurka suka fi na Turai yawan abin da suke bayarwa. Ɗan kasuwa ma ba ya haɗiye wannan kaso shi kaɗai, yana sanya shi cikin farashin kaya, har wanda ya biya da tsabar kuɗi ya ɗauki nasa rabon. Girman cinikin ya wuce yadda mutane da yawa suke zato. Abin da Delta ta samu daga American Express a 2024 ya haura dala biliyan 7. A lokacin annobar korona, da jirage suka tsaya cik, United ta jinginar da MileagePlus, shirinta na tara wa fasinjoji wannan adadi, ta karɓi bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ta karɓi biliyan 9 a kan nata shirin SkyMiles a shekarar, American Airlines kuma ta karɓi biliyan 10 a kan AAdvantage a 2021. Abin da masu ba da bashi suka amince su riƙe jingina a kan irin waɗannan kuɗaɗe haja ce da ake saye ake sayarwa.

9/ Da wannan ma'auni kyauta ta faɗi, domin an biya kuɗin abin. Tukuici yana zuwa ne daga wanda aka kawo wa alheri zuwa ga wanda ya kawo, don nuna godiya, kuma ba a ƙulla yarjejeniya a kansa. Lada tana da martabar da ba na son mu sauko da ita zuwa tallan banki, musamman a kan katin da kuɗin ruwa yake cikin ginshiƙansa. Gyara ta fi kusa, har na daɗe ina juya ta a raina, tunda ƙari ne da mai sayarwa yake yi wa mai saye don ya dawo gobe. Matsalarta ita ce gyara ana karɓarta nan take a hannu ta zama ta mai ita, wannan kuwa yana zaune ne a littafin kamfani, kuma kamfanin yana da ikon sauya ƙimarsa duk ranar da ya ga dama.

10/ Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kai ni ga maki. Maki adadi ne da wani yake rubuta maka bisa ƙa'idar da shi ya shimfiɗa, ba shi da ƙima a karan kansa sai wadda mai ƙa'idar ya ba shi, ana tara shi, ana rage shi, ana kuma iya soke shi. Haka abin yake a nan. Tikitin da ake yanka da maki 25,000 bana yana iya komawa 35,000 baɗi ba tare da an nemi yardar kowa ba, kuma Delta ta cire jadawalin farashin makinta daga idon jama'a tun 2015. A wasu shirye-shiryen makin yana ƙonewa idan aka daɗe ba a motsa asusun ba. Duk wanda ya taɓa zama a aji ko ya bi gasar ƙwallo ya san maki, ya kuma san cewa ba kuɗi ba ne.

11/ Sai abin da za a jingina makin gare shi. "Makin tafiya" ya fi daɗi a baki, na yarda, amma yana nuna kamar tafiya ce take kawo shi, alhali da wannan katin sayayya ce take kawo shi. "Makin jirgi" yana nuna inda makin ya fito da inda za a kashe shi, bai yi alkawarin komai ba. Idan ana tsoron a ɗauka jirgin ƙasa ko na ruwa ake nufi, sai a rubuta makin jirgin sama a farkon ambato, daga baya a gajarta. Shirin da kamfani yake gudanarwa ga fasinjojinsa na yau da kullum, irin ShebaMiles na Ethiopian Airlines ko Skywards na Emirates, sai ya zama shirin makin jirgi, ba sai mun wahalar da kanmu da "masu yawan tashi", fassarar "frequent flyers", ba, wadda ko a baki ba ta zauna ba.

12/ Saboda haka shawarata ita ce cikakken suna a rubutun hukuma ko farkon labari ya zama katin bashi na haɗin gwiwar banki da kamfanin jirgin sama, sunan yau da kullum kuma ya zama katin bashi mai makin jirgi. Akwai kuma wasu kalmomin da kowace take da gurbinta. Garaɓasa ta dace da tulin makin da ake ba sabon mai kati idan ya kashe wani adadi cikin watannin farko, wato garaɓasar buɗe kati, domin ita ce ƙugiyar da ake jawo mutane da ita, kuma tana sa wasu su sayi abin da ba su yi niyya ba don su cika sharaɗi. La'ada ta dace da kason da ake cira daga ɗan kasuwa. Idan kamfani ya ƙara yawan makin da tikiti yake ci, sai mu ce ya karya darajar maki, kamar yadda muke cewa an karya darajar kuɗi. Game da amfani da makin, na ga an rubuta "fansar maki", wadda Turanci ne sanye da rigar Hausa. Bahaushe yankar tikiti yake yi, don haka a ce ya yanki tikiti da maki.

13/ Ga gwaji, a karanta da murya a ji ko ya zauna: "Bankin ya fitar da sabon katin bashi mai makin jirgi, wanda yake ba da maki biyu a kan kowace dala da aka kashe wajen sayen tikiti, da maki ɗaya a kan sauran sayayya, amma akwai kuɗin shekara, kuma duk wanda bai biya bashinsa cikin wa'adi ba kuɗin ruwan da zai hau kansa yana iya cinye amfanin makin." A kunnena babu inda jimlar ta yi tuntuɓe, kuma wanda bai taɓa riƙe irin katin ba zai fahimci abin da ake ba shi da abin da ake karɓa daga gare shi.

14/ Abu ɗaya ya rage da nake neman ra'ayinku a kai, malamai. Kamfanonin jirage suna da lissafi na biyu, wanda ba a yankar tikiti da shi, aikinsa kawai ɗaga fasinja zuwa matakin azurfa ko zinariya, kuma wasu katunan suna taimakawa wajen tara shi. Na fi karkata ga kiransa makin matsayi, a bar na farkon a matsayin makin kashewa duk inda ake buƙatar bambanta su. Wanda yake ganin "makin daraja" ya fi, ina tunatar da shi cewa mun riga mun ba daraja aiki a wajen karya darajar maki, kuma idan suka haɗu a jimla ɗaya za a iya samun "an karya darajar makin daraja", wadda za ta rikita mai sauraro.